Gaisuwar Juma'ar Alhaji Bukar

Akwai ranar da har yau ta ƙi fita daga raina, ranar da aka koma aiki bayan hutun ƙaramar Sallah, na kunna kwamfuta na tarar duniya ta rufe mana ƙofa. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna yawan tambaya me ya sa nake tayar da jijiyar wuya idan wani ya taɓa iyakar saƙon da ke fita daga saba. To ku saurara, ga inda abin ya samo asali.

A lokacin ina aiki da wata ƙungiyar marina da 'yan kasuwar yadi a wajejen Ƙofar Mata. A takarda muƙamina jami'in na'ura, amma a baki Injiniya kowa yake ce mini, kuma aikin ya haɗa tun daga gyaran firinta har saita wa mutane agogon waya. Ƙungiyar tana da imel nata na kanta. Wato ba a gidan manyan kamfanoni muke haya ba, kwamfutarmu ce take karɓar saƙo kuma take aikawa, ita ce ake kira saba. Mun ajiye ta a wani ɗaki a soron shugaban ƙungiyar, Alhaji Bukar, a Mandawari, saboda gidansa ne mai sola. Ni na haɗa ta da hannuna, kuma ina ji da ita.

Ga wanda bai san aikin ba, fuska biyu gare shi. Ta farko ita ce tace abin da ke shigowa. Kullum tarkacen saƙonni suna kwararowa, na talla da na damfara, waɗanda muke kira sifam, sai ka girka manhajar da za ta ware su gefe, kamar rariya. Ta biyu, wadda ta fi wuya, ita ce kare sunan sabarka. Idan mutane a can waje suka yawaita danna maɓallin da ke cewa saƙonka tarkace ne, sai a saka ka a baƙin littafi. Daga nan duk abin da ka aika, ko dai a dawo maka da shi, ko a jefa shi kwandon shara ba tare da an gaya maka ba.

Alhaji Bukar dattijo ne na gaske, ba zan tauye masa wannan ba. Kakanninsa daga Barno suka zo, a rini suka yi suna. Mutum ne da idan ya fito daga gida zuwa masallacin da ke bayan layinsu, sai an kusa tayar da salla bai isa ba, saboda gaisuwa. Matsalar ita ce da wannan halin ya shigo imel. Duk saƙon da ya tsallake rariyata ya iso gabansa, sai ya amsa. Akwai ranar da wani ya turo tallan maganin sanƙo daga wata ƙasa, ya sa sakataren ƙungiya, Malam Tijjani, ya rubuta masa cewa mun gode, ba ma bukata, Allah ya kawo kasuwa.

Na ce, "Baba Alhaji, wannan fa ba mutum ba ne, inji ne yake watsawa. Idan kuka amsa, ya gane akwai mai rai a nan, gobe goma zai turo."

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To shi injin, ba mutum ne ya kunna shi ba? A yi mini sallama in yi shiru? Ba haka aka rene ni ba."

Wannan mai sauƙi ne, na ƙara matse rariya kawai. Babbar damuwar ita ce gaisuwar Juma'a. Duk Juma'a da hantsi Malam Tijjani zai haɗa hoton masallaci da addu'a da Larabci da Hausa, ya aika da sunan Alhaji zuwa ga duk adireshin da ya taɓa shigowa hannunmu. Wanda ya taɓa tambayar farashin yadi sau ɗaya, wanda ya ba da katinsa a wajen baje koli, baƙon da ya zo kallon karofi ya rubuta sunansa, har da masu tallan maganin sanƙon. A wajen Alhaji, wanda kuka taɓa magana da shi ya zama naka, kuma naka ba ya wuce Juma'a ba ka gaishe shi ba. A wajen mutanen can kuwa, wani baƙon rubutu ne da ba su iya karantawa yake damunsu duk mako. Ina gani a jikin sabar, sunanmu yana ta zubewa a hankali.

Ana cikin haka wani aiki ya taso wanda ya sa na kasa haƙuri. Hajiya Yagana, ƙanwar Alhaji, ita ce shugabar matan da suke ɗaure yadi da zare a cikin gida kafin a kai shi karofi, don zane ya fito idan an rina. Yawancinsu zawarawa ne da tsofaffi daga Kabara da Mandawari, abin da suke ci ke nan. Wata Baturiya mai shagon tufafi ta ga aikinsu, ta ce tana son ta ba su aikin da zai riƙe su har ƙarshen shekara. Sharaɗinta ɗaya ne, a aika mata da hotunan samfuri ta imel ɗin ƙungiya kafin makon Sallah ya fita, domin a makon za ta zaɓi waɗanda za ta yi aiki da su. Matan nan da azumi a bakinsu suka zauna suna ɗauri, yatsunsu duk sun yi kanta.

Ganin haka, a farkon azumi na sa wa sabar iyaka, yadda ba za ta aika saƙo ɗaya ga ɗaruruwan mutane a lokaci guda ba. Na gaya wa Malam Tijjani dalili, ya ce ya ji. Juma'a ta zo, gaisuwa ta maƙale. Kafin la'asar wani aminin Alhaji ya bugo waya yana tsokanarsa, wai ko ya yi masa laifi ne yau bai ga saƙo ba. Nan take aka aiko a kira ni.

Na same shi a soro da dattawa uku suna jiran shan ruwa. Na durƙusa na gaishe su, na yi bayani iyakar iyawata. Na ce a buɗe wa gaisuwar wani adireshi dabam, ko kuma a tambayi mutane, wanda yake so a ci gaba da aika masa.

Alhaji ya ce, "Wato sai na nemi izini kafin in gaishe da mutum? Yau gaisuwa ce ta zama laifi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a nan ba laifi ba ce. A can ne ba su san ta ba. Ina jin tsoron aikin su Hajiya ne."

Ɗaya daga cikin dattawan ya yi dariya ya ce yawan gaisuwa ai ya fi yawan faɗa. Wani ya ƙara da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Alhaji ya rufe maganar da cewa, "Injiniya, je ka cire abin da ka sa. A gidana injin yake." Na tashi na je na cire, raina a ɓace, amma a gaban dattawa babu yadda zan yi.

Ranar jajibiri Malam Tijjani ya yi bajinta. Ya haɗa barka da Sallah mai ƙaton hoto, ya tattaro har tsofaffin adireshin da aka daɗe da mantawa da su, ya watsa gaba ɗaya. Washegarin Sallah samfurin matan ya fito daga wajen mabuga yana sheƙi, aka ɗauki hotuna, Malam Tijjani ya aika wa Baturiyar, ya kulle ofis kowa ya tafi yawon Sallah. Sabar ta nuna masa saƙo ya tafi, kuma gaskiya ne, ya tafi.

Ranar da na ambata da farko, na tarar da saƙonni jibge sun dawo, kowanne da bayani iri ɗaya, an saka mu a baƙin littafi. Na Baturiyar kuwa bai dawo ba, kuma shi ya fi tayar mini da hankali. Na buɗe imel ɗina na kaina na rubuta mata. Ta amsa da yamma, cikin ladabi. Ta ce ta jira har ƙarshen mako ba ta ji daga gare mu ba, sai ta ɗauka mun fasa, ta ba wasu aikin. Ta ce yanzu ta duba kwandon shara ta ga hotunan, suna kwance cikin katunan gaisuwar da mai kula mata da shago ya daɗe yana turawa can duk Juma'a. Ta ce aikin ya yi kyau ƙwarai. Na fi son da ba ta faɗi wannan ba.

Aka sa taro. Kafin a shiga, Malam Tijjani ya ja ni gefe ya ce, "Injiniya, don Allah ka rufa wa dattijo asiri. Ka ce inji ne ya samu matsala, a wuce wurin. Inji ba shi da 'ya'ya, ba ya jin kunya."

Na ce, "Injin ai ni ne, Malam. Idan aka ce inji, ni aka ce."

A taron aka tambaye ni me ya faru. Na faɗa, ban ɗaga murya ba, ban kira sunan kowa ba, na ce gaisuwar da ake watsawa ce ta jawo. Na dubi Hajiya Yagana, wadda aikinta ne ya salwanta, wadda kuma na taɓa yi wa bayanin nan baki da baki a cikin azumi. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta. Sai wani ya ce dama shi tun farko bai yarda da injin gida ba. Wani ya ce yaran yanzu idan aiki ya fi ƙarfinsu sai su nemi wanda za su shafa wa. Alhaji bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi komai muƙaddari ne, kuma ya yafe mini. Wallahi wannan yafiyar ta fi mini zagi ciwo. An ce babba juji ne, amma ranar a kaina aka zubar da sharar.

Na zauna na bi masu baƙin littafin ɗaya bayan ɗaya, ina cike roƙo ina bayani, har aka wanke sunanmu. Ina gamawa aka ce an gode, ƙungiya ta yanke shawarar kashe sabar ta koma imel na kyauta, don haka babu sauran bukatar Injiniya. Abin dariyar shi ne, sabon imel ɗin ma yana da iyaka, har ta fi tawa tsanani. Da ya hana Malam Tijjani watsa gaisuwa gaba ɗaya, sai ya koma aikawa kashi-kashi, kuma an ce Alhaji ya jinjina kai ya ce Turawa akwai tsari.

Bayan 'yan watanni na haɗu da Hajiya Yagana a wani lungu a Kabara. Na yi niyyar in gaishe ta in wuce, ta tsayar da ni. Na tambaye ta matan, ta ce wasu sun koma wankau, wasu suna soya awara a ƙofar gida. Sannan ta ce, "Ɗan nan, na san gaskiyarka, duk wanda ya zauna a taron nan ya sani. Amma kai za ka samu wani aikin ka yi gaba. Ni yayana ne, shi zai karɓi auren 'ya'yana, shi zai tsaya a kan gawata. In buɗe baki in ce masa me?" Na yi mata sallama na wuce.

Abin da nake so ku ɗauka shi ne, manhaja za ta tare muku ɗan damfara daga ko'ina yake, amma ba za ta tare muku mutumin kirkin da ke sama da ku ba. Idan za ku girka wa mutane saba, kafin ku haɗa waya ɗaya ku tambayi yadda maigidan yake gaisawa da jama'a, ku ware wa gaisuwarsa hanyarta tun ran farko, tun bai saba da ɗayar ba. Kuma idan abu ya ɓaci a garin nan, ku duba wanda ya fi kowa sauƙin sallama a cikin ɗakin. Idan ku ne, ku fara tattara kayanku.

Har yanzu sunana yana cikin mutanen Alhaji. Duk Juma'a da hantsi gaisuwarsa tana zuwa mini, da hoton masallaci da addu'a, kuma kai tsaye kwandon shara take faɗawa. Ba ni na koya wa manhajar ba, da kanta ta gane. Nakan buɗe in karanta, in ce amin a zuciyata, domin ni ma a cikin ganuwar nan aka rene ni. Amma ban taɓa ciro ta daga kwandon ba.