Izinin Fita Ranar da Jinga Ta Ɓalle

Shekarar da ruwa ya ci jingar bayan gari, ina kasuwar kifi ina musu a kan abin da ban sani ba, sai aka ce ruwa ya shiga unguwarmu. Kowa ya ruga don kayansa. Ni ba ni da kayan da ruwa zai yi kwaɗayi. Tsohuwata, uwargidana, ce ta faɗo min a rai.

Ga inda matsalar take. Shekara arba'in da ɗoriya, matar nan ba ta taɓa ƙetare zaure ba sai ta ce, "Malam, zan fita." Ni kuma, don a san akwai maigida, sai in yi gyaran murya in ce a dawo lafiya. Ran nan kuwa na fito ban bar izini a gida ba. Na san ko katanga na zubewa, tana nan zaune.

Masu keke suka ce iyakarsu bakin kwalta. Na naɗe wando, na ari sanda. Karatuna aji huɗu ne, amma Haɗeja kam na haddace ta. Ashe da katangu na haddace ta, katangun ƙasa kuwa rabi sun kwanta. Lungun da nake ganewa da gidan mai ƙosai ya zama fili, jan ruwa har gwiwa. Sau biyu ina nufar kududdufi da sunan hanya, sanda na cewa a'a. Sai na ɗaga kai na bi turakun lantarki. Ba su taɓa kawo mana wutar kirki ba, amma ranar sun yi rana.

Masu cika buhunan yashi suka hango ni. "Baba, koma! An kwashe mutane zuwa firamare!"

Na ce, "An kwashe masu jin magana dai."

Na same ta a tsakar gida kan kifaffen turmi, mayafi a yafe, takalma a hannu, ƙullin kaya a cinya. Ruwa ya rufe idon sawunta. Maƙwabta sun yi sun yi, ta ce jira take.

"Hajiya, mutuwa za ki yi saboda gyaran muryata?"

"Kai fa, saboda surutun kasuwa? Dubi wandonka."

Na so in yi faɗa, na fasa. Sai na ce, "To ki saurara, Allah shaida. Daga yau na ba ki izini na har abada. Ko ruwa, ko gobara, ko ba na nan, ki fita."

Ta miƙo min ƙullin, ta dafa kafaɗata, ta sauko cikin ruwan a hankali saboda gwiwarta.

"Na ji," in ji ta. "Amma da na bi su, ka zo ka tarar gida ba kowa, ina za ka nufa? Kai da ko hularka ba ka iya nemowa."

Na aza ƙullin a ka. Na riƙe ta da hannu ɗaya, sanda a ɗayan, muka fita tana nuna min inda kwata take.