'Yan Rakiya na Barnawa

Da na samu gurbin karatu a kwalejin da ke Barnawa, gargaɗi ɗaya mahaifiyata ta yi ta maimaita mini: kada in kuskura in shiga ƙungiyar asiri. Saboda haka ranar da abokin zamana a ɗaki, wani dogon saurayi ɗan Binuwai mai karatun awon ƙasa, ya ce in zo in ga 'yan ƙungiyarsu, sai na ce masa ina da wanki. Ya yi dariya, ya ce wanki zai jira, kuma ba daji za mu ba, tasha za mu.

Wata Asabar ce da hantsi, damina ta yi nisa. Muka tarar da samari a gindin mangwaron bakin ƙofar makaranta, sun kewaye wani ɗalibi ɗan Jos da aka aiko masa cewa mahaifiyarsa ba lafiya. Ban san shi ba, amma wani ya miƙo mini jakarsa, na rataya. Muka taka a ƙafa har tashar mota ta unguwar Television, muka tsaya har motarsa ta tashi. A hanyar dawowa shugabansu, ɗan wani bakanike Inyamuri daga Sabon Tasha, wanda Hausarsa ta fi tawa zaƙi, ya dafa kafaɗata ya ce na zama nasu. Na yi ta jiran a kawo maganar rantsuwa, shiru.

Sunansu 'Yan Rakiya. Duk ɗan ƙungiya da tafiya ta kama, ta hutu ce ko ta rasuwa, ba ya zuwa tasha shi kaɗai. Wanda ake raka ba ya riƙe komai, ko da ledar burodi ce. Masu keke napep kan rage gudu su yi mana hon, mu ɗaga musu hannu su wuce. Kuma ba mai juyawa sai motar ta ɓace wa ido.

Sau ɗaya a shekara mukan je Kamazou gaishe da Baba, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar. Tsoho ne ɗan Filato da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, gidansa cike da itatuwan gwaba. Matarsa takan dama mana kunun gyaɗa, mu zauna a tabarma, shi kuma ya lumshe ido ya ba da labarin asali. Ya ce tun lokacin da masaƙun Kakuri ke aiki ne, ana jin jiniyarsu har cikin aji. Wata yamma suna buga ƙwallo, suka hango wani ɗan ajinsu ya wuce ta bayan fili da akwati a kai. Suka ɗaga masa hannu, suka ci gaba da wasa. Sai daga baya suka ji mahaifinsa ne ya rasu. Bai sake dawowa makarantar ba.

Wasu tsofaffin ɗalibai kuwa cewa suke a lokacin rikici aka fara, sa'ad da sai an raka juna har bakin gadar kogin da ya raba garin biyu, Kirista ya tsaya a nan, Musulmi ya haye. Na taɓa tambayar Baba wanne ne gaskiya. Ya kalli ganyen gwaba, ya ce mai yiwuwa sau biyu aka kafa ta.

A shekararmu ta biyu abokin zamana ya faɗi jarrabawa, faɗuwar da ba a maimaita aji. Ya kwana biyu ba ya fita. Sannan ya fara ɗaure kayansa a hankali, ya roƙe ni kada in gaya wa kowa. Na ce masa ba zan ɗauki wannan alkawari ba, na tafi na sanar da shugabanmu. Shi kuwa ko tsayawa tunani bai yi ba, ya ce rakiya ta masu tafiya ce, ba a tambayar sakamako.

Da abokina ya buɗe ƙofa ya ga mutane cike da baranda, fuskarsa ta sauya.

“Me za ku raka?” ya ce. “Kunya?”

“Ɗan'uwa, kawo katifar,” in ji shugaban.

Tafiyar nan har yau ina ganinta kamar a cikin ruwa. An yi yayyafi an ɗauke, kwalta na fitar da tururi, rana ta leƙo ta ƙarƙashin hadari ta mayar da komai rawaya. Daga wata coci muryoyin mata masu koyon waƙa suna tashi suna sauka, can nesa kuma ana kiran la'asar. Muna tafe a jere, wani da bokiti, wani da risho, ni da sandunan awonsa a kafaɗa. Shi yana tsakiya, bai san yadda zai yi da hannayensa ba. Ya sa su a aljihu, ya fitar, ya harɗe su a baya. Ba wanda ya ba shi haƙuri. Wani ɗan Nasarawa ne ma ya ɗauko musun ƙwallo, aka yi ta yi, har muka ji muryarsa a ciki, yana cewa alƙalin wasan ne ya cuce su.

Motar Makurdi ta daɗe ba ta cika ba. Muka zauna a bencin mai gasa masara, muna ci muna kallon kududdufi yana ɗaukar hoton gajimare. Da direba ya tayar da inji, abokina ya leƙo ta taga, ya ce mini in riƙa buɗe tagar ɗaki da safe, don bangon yana tsatsafo. Iyakar sallamar da muka yi ke nan. Motar ta hau titi, ta ƙanƙance, ta shige cikin sauran motoci, muna tsaye.

Na gama karatu, na kama aiki, ban bar Barnawa ba. Ƙungiyar tana nan, an ce har da 'yan mata yanzu. Baba ya rasu, kuma waɗanda suka bi gawarsa zuwa Filato sun cika motoci, wasunsu da furfura.

Abokina kuwa gonar lemo ya kama a garinsu. Bara ya kira ni, ya ce ya kawo kaya Kakuri. Na same shi a inuwar babbar mota, ya yi ƙiba, yana fere lemo da 'yar wuƙa. Ba mu yi maganar makaranta ba. Ya yi ta bayyana mini yadda ake aure tsakanin itacen lemo da na lemon tsami, har rana ta yi sanyi. Da zan tafi ya sa aka cika mini bayan motata da lemo, har maƙwabta suka samu. Na yi makonni ina zuwa ofis cikin ƙamshin lemo.