Na Ba da Abokina, Na Karɓo Manomi

Shekarun baya da ɗan dama, na taɓa zama kocin ƙungiyar ƙwallon unguwarmu a Tawa, na tsawon wata ɗaya da 'yan kwanaki. Ku da kuke ganina kullum a nan ina gyara wa manyan koci-kocin Turai aiki, yau ku gyara zama ku ji yadda nawa aikin ya ƙare.

Muna da fada a gindin wata bishiyar bedi, kusa da inda 'yan kabu-kabu ke tsayawa. Kullum da yamma shayi ne da gardamar ƙwallo: wa ya kamata a saya, wa ya kamata a kora, me ya sa wancan koci ya cire wane a minti na kaza. Ni ne sarkin baki. Ban taɓa buga ƙwallon kirki ba, ƙafata ta hagu ado ce kawai, amma in na ɗauki tsinke na fara zane a ƙasa, har mai dafa shayi sai ya bar fifita ya leƙo.

Kocinmu a lokacin wani tsohon malamin makaranta ne da kowa ke kira Mushe, kamar yadda ake kiran malaman boko a wurinmu, daga Faransanci. Tsarinsa ɗaya ne tun muna yara: kowa ya koma baya a tsare gida, in Allah ya ba da ƙwallo ɗaya a riƙe ta har a tashi. Ni kuwa abin yana ci mini rai. Da gasar unguwanni ta matso, a ƙarshen bazara, sai na tayar da ƙura na ce a canza shi a ba ni aikin. Sati guda fada ba ta da wata magana. Wasu suka ce Mushe ya tsufa, wasu suka ce wanda bai taɓa sa takalmin ƙwallo ba ba zai koya wa kowa gudu ba. Ranar da aka ce a ɗaga hannu, wanda ya fara ɗaga mini shi ne abokina, mai tsaron ragarmu. Tare muka tashi, a kwano ɗaya mahaifiyata take zuba mana tuwo. Ɗan kabu-kabu ne, ba mai yawan magana ba, shi ya sa da ya ɗaga hannu sauran suka bi.

Mushe bai yi fushi ba. Ya miƙo mini usur da jakar riguna, ya ce, “Allah shi ba da sa'a.” Kwana uku ba a yi ba 'yan unguwar bayan kasuwar dabbobi suka ɗauke shi.

To su waɗannan suna da wani ɗan wasan gaba, ɗan wani ƙauye bayan Barmu, da ya zo cin rani yana lodin dabbobi a kasuwa. Dogo ne, ga gudu, in ya ɗaga ƙafa mai tsaron raga sai addu'a. Tun da na gan shi na kasa zama wuri ɗaya. Ina cin abinci ina zana shi a tsarina, ina tafiya ina magana ni kaɗai. A dokar gasar, kafin a liƙa sunaye ƙungiyoyi na iya musayar 'yan wasa. Na wanke ƙafa na tafi wurin Mushe.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Ina ba ka shi. Ka ba ni gardiyanka, mai tsaron ragar nan taku.”

Abokina ke nan yake nufi, amma na ce na yarda.

Ya dube ni ta saman tabarau. “Ka san ko daga ina yaron ga ya hito?”

Na ce, “Mushe, ni ba garinsu za ni sa cikin hili ba, ƙahwahunai za ni sa.”

Na fito ina jin na yi wa tsoho wayo. Abu ɗaya ya rage, in faɗa wa abokina. Na kama hanyar gidansu sau biyu ina juyowa. Na ce gobe, goben ta zo na sake cewa gobe. Ina cikin wannan jan ƙafa aka liƙa sunaye a bangon filin wasa, ya je ya ga nasa a ƙarƙashin wata unguwa. Bai neme ni ba, bai zage ni ba. Ya daina zuwa fada kawai, in ya hango ni a hanya sai ya ƙara wa babur wuta.

Mahaifiyata ce ta fara lura da kwanon tuwo yana ragowa. Da na ba ta labari ina ta kumbura shi, ta ce, “Ɗan ƙauye na? Kuma wasan naku har cikin damana?”

Na ce, “Inna, mi kinka sani ga ƙwallo?”

Ta ce, “Ban san ƙwallo ba, na san hadari. Shi ko ɗan'uwanka, ka hwaɗa mai da bakinka?”

Na tashi na bar mata wurin, wai ina da atisaye.

Gaskiya dai sabon ɗan wasana bai ba ni kunya ba. Tsarin da na yi ta zanawa a ƙasa duk ya koma abu ɗaya: a ɗaga masa ƙwallo, shi ya san sauran. Ana zura mana biyu, shi ya zura uku, don wanda na sa a raga wani dogon tela ne da tsawonsa kawai na duba. A fada aka fara kirana koci ba da tsokana ba. Muka kai wasan ƙarshe. Su ma yaran Mushe suka kai, da ci ɗaya-ɗaya irin nasa, ba a zura wa abokina ko guda ba. Duk da haka raina bai kwanta ba. In an ci mu sai in waiwaya raga in ga ba shi ne a ciki ba, in an miƙo mini shayi sai in dubi inda yake zama.

Ranar wasan ƙarshe na tashi da safe na ji iska ta canza, da ɗan sanyi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. A Tawa yayyafi kawai aka yi. Na nufi shagon da ɗan wasana ke kwana don in kai masa rigarsa. Mai shagon ya ce, “Ai ya tahi tun da asuba. An kira shi, an yi ruwan shibka garinsu.”

Na kira wayarsa, ba ta shiga. Na sake kira. Na zagaya shagon kamar zan same shi a bayan buhuna. Na ruga tashar kabu-kabu, duk wanda na ce wa bayan Barmu sai ya girgiza kai, ya ce ƙoramu sun kawo, ba zai kashe babur ɗinsa ba. Na koma gida ina shiga ɗaki ina fita, har mahaifiyata ta gaji da ni ta yafa mayafi ta fita. Ba a jima ba na ji ƙarar babur a ƙofar gida. Abokina ne. Bai dube ni ba, ya ce, “Hau. Inna ta aiko ni.”

Ku duba fa. Mai tsaron ragar abokan karawarmu ne zai kai ni in ɗauko wanda zai harbe shi da yamma. Muka kama hanya. Bayan mun bar kwalta muka hau duwatsu da laka, ko'ina ka duba mutane ne a gonaki, maza na sara da sungumi, mata na biye suna zuba iri. Na riƙe ƙarfen baya don kunyar riƙe kafaɗarsa nake ji.

Muka same shi a tsakiyar gona, wando a naɗe, mahaifinsa tsoho na biye da ƙwaryar iri. Da ya gan mu sai ya washe baki. “Koci! Kun gani? Allah ya yi!”

Na ce, “Wane Allah ya yi? Yau fa final!”

Ya sunkuya ya damƙo ƙasa ya nuna mini. “Na sani, koci. Amma duba. In rana tad duke ta yau da gobe, ta bushe, kuma ba mu san randa wani ruwan ka zuwa ba. Baba ba shi iya sara. In na bi ka munka ɗauki kofi, mi za mu ci cikin shekara?”

Abokina ya jingine babur, ya ɗauki wani sungumi da ke yashe, ya ce, “In mun kama mai, ƙila a gama kahin azahar.” Aka miƙo mini ƙwarya. Ni da ban taɓa shuka ko albasa ba, na bi layi ina zuba hatsi da hannu cike, ina duba agogo, ina takawa da takalmin fita. Tsohon ya leƙa ramina ya ce, “Ɗan birni, ba tuwo za ka tuƙa ciki ba. Kaɗan-kaɗan.”

Aka yi azahar ko rabin gonar ba mu kai ba. Ɗan wasana ya share zufa ya ce, “Ku tahi, koci, kada ku ma ku rasa. Ka gahwarce ni.” Ban iya yi masa fushi ba, na ga gonar da idona.

A hanyar dawowa muka sauka a wata ƙorama muna tura babur, ruwa har gwiwa. Nan na kasa haƙuri na ce, “Mi ya sa ka kawo ni? Da ya biyo mu, kai za shi harba.”

Ya ce, “Don kada gobe ka zamna ga fada ka ce mun ci ku don ba a nemo shi ba.” Muka ƙara turawa har muka hau tudu, sannan ya tsaya ya dube ni, karo na farko cikin wata guda. “Ni na hwara ɗaga maka hannu. Da ka zo gida kac ce mini ga abin da kaka so, wallahi ni za ni ce a yi. Amma ga bango na gani, mutane na bayana suna karantawa.”

Kunya ta rufe ni, na ji kamar in koma cikin ƙoramar. Na ce, “Ka yi haƙuri.” Ya taka babur ya ce, “Hau, lokaci na tahiya.”

Mun iso bayan la'asar, fili ya cika, laka har wuyanmu. Shi ya wuce wurin Mushe ya sa safar hannu, ni na tsaya gaban 'yan wasana ba ni da tsari na biyu. Aka fara, yarana suna ta ɗaga ƙwallo gaba inda babu kowa. 'Yan fada suka taso mini ta baya. Wannan ya ce in cire lamba takwas, wancan ya rantse lamba takwas ne kaɗai ke wasa. Wani ya ce a koma baya irin na Mushe, shi da ya fi kowa zagin Mushe. Na rikice na bi maganar kowa. Na cire ɗan baya na sa ɗan gaba, minti biyar ba a yi ba aka bi ta wannan gurbin aka zura wa tela. Mushe ya ɗaga hannu, yaransa duka suka koma gida suka rufe.

Dab da tashi muka samu fenariti. Gardama ta kaure a bakin layi kan wanda zai buga, har alƙalin wasa ya zo ya tsaya yana jiranmu. Na zaɓi kyaftin. Na kira shi gefe na raɗa masa ya buga hagu, don na san tun muna yara abokina dama yake faɗawa. Na manta shi ma ya san abin da na sani. Ya faɗi hagu ya rungume ta. Aka tashi ɗaya da nema.

Washegari na mayar da usur da jakar riguna, ba wanda ya roƙe ni in zauna. Bayan kwana biyu abokina ya dawo fada, ya zauna a wurinsa ya karɓi shayi kamar jiya ya tashi. Da kaka ɗan wasana ya aiko wa mahaifiyata damin hatsi, da saƙon cewa layin da na shuka sai da suka kwana biyu suna cira, don yadda ya cunkushe.

Har yau ina gardamar ƙwallo, wannan ciwo ba ya warkewa. Amma in na ji ana cewa a sayar da wane a kawo wane, kamar ana maganar tayar babur, sai bakina ya yi nauyi. Mushe ya san inda ɗan wasan ya fito, mahaifiyata ta san lokacin ruwa, ni ƙafafu kawai na gani. Rashin kofin ya daɗe da daina damuna. Abin da bai sake ni ba shi ne bangon nan.

Ni da abokina muna nan lafiya, 'ya'yansa a gidana suke wuni. Duk shekara in ruwan farko ya sauka sai ya kira ni ya ce, “Koci, an yi ruwa, ka ƙirga 'yan wasanka.” Mu yi dariya. Amma ya ƙara shekara shida yana tsaron raga bayan wannan wasa, kuma duk shekara sai na je gidansu da kaina, da rigar unguwarmu a hannu, na roƙe shi da bakina. Sai ya karɓa ya duba ta, ya ninke, ya miƙo mini. Bai sake sa ta ba har ya daina wasa.