Kazar Ɗori Ta Taka

Har yau idan na ɗora man kaɗe a wuta ya fara narkewa, kafin ƙanshin ya gama cika ɗaki na riga na koma zauren kakanmu a Gaya. Kai da kake karanta wannan, wataƙila girki ko shafa kawai man kaɗe yake tuna maka. Ni ƙashi yake tuna mini. Ka yi haƙuri da rubutuna, a yaƙi da jahilci na koya bayan na haifi 'ya'ya uku, a hankali nake tafiya.

Kakanmu mai ɗori ne. Daga Tanda ake zuwa, daga Bana, daga Bengou, wasu ma daga hayin gulbi a cikin jirgin ruwa. Lokacin girbi su suka fi yawa, wanda sa ya taka, wanda amalanke ya kife da shi. Sai a shimfiɗe mutum a tabarma, kakanmu ya murza mai a tafin hannu, ya bi gaɓar da yatsunsa idonsa a rufe. In ya sami wurin sai ya ja. Ƙarar da mutum yake yi a lokacin, ba na son tuna ta. Daga nan ya yi tofi, ya kewaye wurin da karan dawa da aka saƙa kamar ƙaramin asabari, ya ɗaure.

Akwai wata al'ada da ba ya tsallakewa. Duk mai karaya da kaza yake zuwa. Kakanmu zai karya ƙafar kazar daidai inda ta mai ita ta karye, ya ɗora ta da tsinke da zare. Ranar da kaza ta taka, a nan kusa mai ciwo zai taka. Kuma ba a yanka ta, ba a sayar da ita, sai mai ita ya tashi da ƙafarsa. Ni ce mai ba su tsaki da ruwa. Yakan ce mini, "Matata, je ki duba mini majinyatanki, wa ya tashi yau?" Sai in ruga bayan rumbu in dawo da labari.

Yayana shi ne wanda za a bar wa ɗorin, don a gidanmu mace ba ta gadonsa. Ya riga ya iya saƙa karan, ya iya riƙe mutum. Wata bazara, zafi ya yi tsanani har ƙasa tana ƙona tafin ƙafa, ya hau giginya zai saro ganye. Ya faɗo. Da aka kawo shi, ƙashin ƙwaurinsa ya huda fata ya leƙo waje. Kakanmu ya bi wurin da yatsa sau ɗaya, sau biyu, sai ya tashi ya karɓi rariyar innarmu ya nufi gindin giginyar. Na bi shi. Tsoho ya durƙusa a rana yana tankaɗe yashi, yana neman guntun ƙashin jikansa. Har la'asar bai samu ba.

Ya dawo ya ɗora haka nan. Ya kamo wata farar kaza daga cikin namu, ya karya, ya ɗaure.

Wani maƙwabcinmu direban kamyo, babbar motar kaya, ya ce a kai shi gidan likita a Dosso, shi zai ɗauke shi. Kakanmu ya ce a dakata a ga kaza tukuna. Ba taurin kai ba ne, ka fahimce ni. Shekarunsa duka kaza ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Abin da bai yi ba, kuma babu wanda ya tuna masa, shi ne cire wa kazar guntu. Ita ƙashinta biyu suna haɗe, nasa kuwa akwai rami a tsakani.

Kafin ruwan farko kaza ta taka. Na rugo da murna na faɗa. Kakanmu ya kwance karan, wari ya bugo mu, ya mayar ya rufe.

Sai da damina ta yi nisa aka kai shi Dosso. Suka wanke, suka kankare, ƙashin ya kama a karkace, ƙafar ta gajarce. Yayana bai ƙara tsayawa ba sai da sanda. Kakanmu ya ci gaba da ɗora mutanen Bana da na Tanda suna tashi suna tafiya gida, nasa yana zaune a bakin zaure. Farar kazar kuwa ta yi ƙwai, ta yi 'ya'ya, ta tsufa. Ko salla ta zo ba mai kallonta da wuƙa. Ni na ci gaba da ba ta tsaki har ranar da na same ta a mace bayan rumbu. Kakanmu ya ce in binne ta. Ban taɓa ganin an binne kaza ba sai ita.

Yayana ya zama tela a kusa da kasuwa, yana taka keke da ƙafa ɗaya. Ciwon kan buɗe da damina, ya rufe da rani. Haka muka girma, haka muka tsufa da shi.

'Yata ta fari ta tashi tana ganin ina wanke wa kawunta ƙafa. Sunan innarmu ta ci, shi ya sa yake kiranta uwata. Ita ce mai riƙe mini ƙwarya, ita ce mai tambayar da ba ni da amsarta: me ya sa ciyawa in an yanke take tsirowa, ƙashi ba ya tsirowa? Ta yi lakwal, wato makarantar boko, ta yi karatu a Yamai, ta ƙetare zuwa ƙasar da sai ta waya nake jin muryarta. Ba ta zama likitar da ke duba mutane ba. Bincike take yi, kuma a kan ƙashi.

Ta yi mini bayani fiye da sau goma. Ta ce a cikin ɓargo akwai wasu ƙwayoyi ƙanana da ba su riga sun zaɓi abin da za su zama ba. Sai a ɗebo su a rene su a ɗan faranti, a shuka su a jikin wani abu mai huji-huji kamar soso, a cike ramin ƙashi da shi, su hau su bi kamar yadda kabewa take bin rumfa. Na ce to a kan wa ake gwadawa? Ta ce ɓeraye. Su ma, ta ce, sai an cire musu guntu tukuna. Da ta faɗi haka sai na tuna da farar kazar nan.

A bana ciwon yayana bai rufe da rani ba. Aka yi masa hoton ƙashi, wanda suke ce wa radiyo, likita ya ɗaga shi a haske ya ce ƙashin ya ruɓe har kusa da gwiwa, in ba a yanke ba zai tafi da shi duka. An ba mu ranar Alhamis.

Na ɗauki hoton da waya na aika wa 'yata. Ni a raina na ce ai shekarun nan duka don wannan ranar ne. Ta kira da hantsi ina shagonsa, na miƙa masa.

"Uwata, ya ɓerayenki? Sun taka?"

"Sun taka, Kawu."

"Duka?"

"Da yawansu. Amma tsakaninsu da mutum akwai sauran shekaru. Kuma inda ƙashi ya ruɓe haka, ko da ya iso..." Ba ta ƙarasa ba. Ina jin numfashinta daga inda nake zaune.

"Ashe ke ma kiwon kaji kike yi, irin na uwarki," ya ce, yana dariya. "To ki ji, kada ki bari a taɓa su. Ki riƙa ba su tsaki har mai ciwo ya tashi. Ko ba ni ba."

Ta ce to, Kawu. Ban sani ba ko a wurinsu ana barin ɓera ya tsufa, ban kuma tambaya ba.

Yanzu a Gaya in kabu-kabu ya kayar da yaro, wasu gidan likita suke nufa, wasu har yau mai ɗori. Zauren kakanmu ya zama wurin ajiye buhunan shinkafa. Na ga mutum biyu a jinina da suka ba ƙashi rayuwarsu, ɗaya da yatsa, ɗaya da gilashin da ke ƙara girman abu, kuma yayana ya faɗo a tsakaninsu. Ni da ban iya ko ɗaya ba, abin da na iya shi nake yi. Yau Laraba. Man ya narke, na sauke shi ya huce, zan je in shafa masa a ƙafar.