Lambar Katin Ɗiyata

Shekarar da gubar dalma ta shiga garinmu, aka rubuta ɗiyata cikin yaran da ake ba magani a asibiti a Anka. Aka miƙo min kati da wata doguwar lamba a kai. Ni karatuna bai wuce aji uku ba, sai na roƙi Sista, ma'aikaciyar jinya Kirista da aiki ya kawo daga kudu, ta karanta min. Sau ɗaya ta faɗa, layi ya ture ni gaba.

A gida na kasa zama. In ɗiyar ta yi barcin rana sai in ɗebo wake in ƙirga lambar a faifai, ƙwara-ƙwara, don hannuna ya sami abin yi. Ashe duk tsawonta, waken bai cika ƙoƙo ba. Na shiga kasa shi. Bibbiyu, ƙwara ɗaya ta yi saura. Uku-uku ya tafi daidai, biyar-biyar ma haka. Bakwai-bakwai sai da na maimaita don ban yarda ba, ko ɗaya bai rage ba. Inna ta ce in ba dafawa zan yi ba, in mayar mata da wakenta.

Da damina ruwa ya kama mu a kan babur a hanyar asibiti, katin ya jiƙe cikin zanena, tsakiyar lambar ta narke. Sista ta buɗe littafi ta iske yara biyu, sunansu ɗaya, sunan uba ɗaya, gari ɗaya. Lambar ta farko dubu da ɗari da ashirin da biyar, ta biyu dubu da ɗari da hamsin da biyar. Sakamakon jininsu ya bambanta, yawan maganinsu ma haka. Ta ce ba ta ba da magani da ka, sai an sake ɗibar jini, mu dawo mako mai zuwa. Mako guda ba magani, ga ɗiyar ta fara ƙin abinci.

Tsoro ya hana ni tuna wacce aka karanta min. Amma yadda waken ya kasu ina sane da shi sarai.

"Sista, raba lambobin nan bakwai-bakwai. Wadda ba ta bar saura ba, ita at tamu."

Ta sauke tabarau. "Maman yarinya, nan asibiti ne fa, ba ɗakin mai duba ba."

"Ba duba na yi ba, wake na ƙirga. Raba ki gani."

Ta danna wayarta tana dariya. Ta farko ta ƙi rabuwa. Ta biyu ta rabu cif, ɗari da sittin da biyar. Dariyar ta tsaya. Ta ɗora ɗiyar a sikeli, nauyinta ya zo kusa da abin da ke rubuce gaban lamba ta biyu, waccan yarinyar kuwa ta fi tawa nauyi nesa.

Ta ƙirgo ƙwayoyin maganin a tafina. Ban bar bakin teburin ba sai da na buɗe ƙwaya ta farko, na juye garin da ke cikinta a cokalin kunu, ɗiyar ta haɗiye tana yamutsa fuska.