Kawu Ilu da Alkawarin Kyaftin

Ranar Juma'ar farko bayan ƙaramar Sallah, a shekarar da aka toshe rabin titunan unguwarmu ta Al Muraqqabat a Dubai saboda haƙar hanyar jirgin ƙasa, na dawo daga masallaci na tarar da Kawu Ilu, ƙanin Ummana, durƙushe a tsakiyar falo. Ya manna waya a kunne, ya toshe ɗayan da yatsa. An kashe na'urar sanyaya ɗaki don kada ƙararta ta dame shi, zufa tana bin wuyansa. Muryar da yake ƙoƙarin ji daga Isra'ila take fitowa, kuma a wancan zamanin layin waya ba ya shiga tsakanin Dubai da can. Dabarar da suka samu ita ce Inna Rabi, yayarsu da ke Kano. Mutumin zai kira wayarta ɗaya, Kawu ya kira ɗayar, ita kuma ta juya su ta haɗa bakin wannan da kunnen waccan, ta riƙe. Suna cikin magana da Turanci gauraye da wani yare da ban sani ba, sai muryar Inna ta ratso: "Ilu, ku taƙaita mana, hannuna ya sage, ga miya a wuta!" Ya ajiye wayar. Sannan ya ɗago ya dubi Umma ya ce, "Yaya, an ba Kyaftin ƙungiya. Ya ce bai manta ba."

Ina ɗan shekara goma a lokacin, amma babu wanda ya buƙaci yi mini bayani. Duk yaron gidanmu ya san Kyaftin, ko da yake ba mu taɓa ganinsa ba. Kafin Kawu ya zo Dubai ya kama aiki a shagon kaya na Babana a Al Sabkha, ya yi wasu shekaru yana taka leda a wata ƙaramar ƙungiya a wani gari na bakin teku a Isra'ila. Shugaban 'yan wasan ƙungiyar, wato Kyaftin, mai tsaron baya ne, ɗan direban bas, wanda ya fara ƙwallo a lungun bayan tasha. A cewar Kawu, ba shi da gudu, ba shi da yanga, amma yakan san inda ƙwallo za ta faɗi tun ba a buga ta ba. An taɓa gayyatarsa tawagar ƙasarsu, bai daɗe ba aka manta da shi, ya koma ƙungiyar garinsu ya tsufa a cikinta. Shi ne ya karɓi Kawu lokacin da ya sauka bai san kowa ba. Yakan kai shi gidan mahaifiyarsa cin abincin daren Juma'a, tsohuwar tana ta ƙara masa shinkafa tana cewa ya rame. Da azumi ya zo, Kyaftin yakan ajiye dabino da ruwa a bayan raga, ya duba rana, in ta faɗi ya tsai da atisaye. Ranar da gwiwar Kawu ta lalace, shi ya goya shi har ɗakin sauya kaya. A asibiti ne ya yi masa alkawarin: "Ranar da na zama koci, kai ne mataimakina."

Gidanmu ɗakuna uku ne a hawa na huɗu, muna raba shi da iyalin Alhaji Isufu mutumin Maraɗi. Takalma tuli guda a bakin ƙofa, kwalaye jere a baranda har saman kai, ƙamshin turaren wuta na Umma yana fama da warin sabuwar roba. Aikina bayan makaranta shi ne in kai kular abinci shago, in riƙe bakin kwali Kawu yana naɗa masa salatif, in rubuta sunan mai kaya da babban alƙalami, Kano ko Zinder ko Kaduna. Ranar Asabar mu kwashi shanya mu hau rufin bene. Amma da la'asar ta yi sanyi, sai mu sauka filin yashin da ke tsakanin benaye biyu, inda motoci ke fakin. Mu kafa gorunan ruwa a matsayin raga, 'ya'yan Sudan da na Kerala ta Indiya da na Pakistan da mu Hausawa, kowa yana ihun "yalla, yalla", wato maza-maza da Larabci, da nasa lafazin. Kawu yakan tsaya gefe yana ɗingishi, yana koya mana abin da ya koya. Dokokinsa kaɗan ne, kuma duk na Kyaftin ne. "Waiwaya kafin ƙwallo ta iso ka." Wanda ya ɓarar da ƙwallo shi zai fara bin ta. In an tashi, ko an ci mu ko mun ci, mai tsaron raga ake fara ba hannu.

A filin nan Kawu bai taɓa faɗin sunan ƙasar ba. In yara suka tambaye shi inda ya yi wasa, sai ya ce "can waje". Baba ne ya ja masa kunne, mu ma ya ja mana. Kuma ko a cikin gida maganar ba ta da sauƙi. Baba yakan zauna gaban talabijin yana kallon labaran Falasɗinawa, ransa a ɓace, yana istigfari. Kawu yakan kalla tare da shi, shi ma ransa a ɓace. Wata rana Baba ya juyo ya ce, "Waɗannan ne mutanen naka, Ilu?" Kawu ya ce, "Alhaji, ni mutum ɗaya na sani, kuma labarinsa kawai nake bayarwa." Ba su sake tayar da zancen a gabana ba.

Sharaɗin alkawarin a fili yake. Ƙungiyar da aka ba Kyaftin tana rukuni na biyu, tana dab da faɗawa ƙasa. Shugabanninta sun ce in ya tsirar da ita zuwa ƙarshen kaka, za su bar shi ya ɗauko mataimakin da yake so. Daga ranar Kawu ya sauya. Ya daina shan shayi mai madara da sukari, ya koma fita bayan sallar asuba yana sassarfa a bakin ruwa da gwiwar nan tasa a ɗaure. Ya yi rajistar kwas na masu horarwa, yana zana filin wasa a bayan kwali da alƙalamina yana jera murafen kwalba. Baba ya gaya masa gaskiya, cewa in ya tafi zai bar izinin zamansa na nan, kuma dawowa ba tabbas. Kawu ya ce ya ji. Duk ranar Lahadi mukan shiga shagon intanet na ƙasan benenmu, mu gangara har ƙarshen wani dogon shafi na sakamakon wasannin duniya mu nemo ƙungiyar. In ta ci, Kawu ya saya mini lemo. In kunnen doki aka yi, Alhaji Isufu ya tare shi a matakala yana dariya, yana kiransa koci da Faransanci: "To, antirenar, yaushe za mu raka ka filin jirgi?" Mu yara muna so Kawu ya yi farin ciki, kuma ba ma so ya tafi, ba mu kuma ga wani saɓani a cikin hakan ba.

Da sanyi ya shigo, ƙungiyar ta fara shan kashi a jere. Kaka ba ta ƙare ba aka sallami Kyaftin. A shagon intanet muka gani, layi ɗaya tak a ƙasan shafi. Kawu ya sa na sake karanta masa, sannan ya biya mai shago muka fito. Da Juma'a ta zagayo Inna Rabi ta sake haɗa wayoyin, kuma wannan karon ba ta yi ƙorafi ba. Na ji muryar mutumin can nesa, a dishe, yana ba da haƙuri. Kawu kuwa dariya yake yi, yana lallashinsa, yana cewa ai koci bai zama koci ba sai an taɓa korarsa. Da aka gama ya shiga banɗaki ya buɗe famfo, ya daɗe. Ya fito da fuska a wanke, ya ɗauki ƙwallo ya ce mini, "Tashi mu je, yara na jira." Ranar ya tsaya a raga da kansa, muka yi ta zura masa, yana faɗuwa a yashi yana yi mana tsiya.

Kyaftin bai tsaya nan ba. Ya koma horar da matasa, ya sami wata ƙungiya ya hau da ita rukunin farko, aka kore shi, aka sake ɗaukarsa a wani wuri, gashinsa ya yi fari a bakin fili. Da ya sami gindin zama ya sake aiko wa Kawu. Amma lokacin Kawu ya yi aure, yana da 'ya'ya mata biyu a makaranta, gwiwar kuma ta ƙi lanƙwasuwa har yana sallah a kan kujera. Ya yi godiya, ya ce a ba wani yaro.

Yanzu aikina karanta labaran wasanni ne, kuma ina faɗin korar masu horarwa da murya ɗaya da wadda nake faɗin sakamako, don haka aka koya mini. Sai dai nakan ɗan dakata kafin in wuce labari na gaba. Filin yashinmu ya zama bene mai gilashi. Jirgin sama yana tashi daga Dubai zuwa Isra'ila kai tsaye, tafiyar da ba ta kai tsakanin azahar da magariba ba. Kyaftin ya yi ritaya yana renon jikoki, Kawu ya koma Kano yana zama a ƙofar gida, yaran unguwa suna kawo masa ƙarar alƙalin wasa. Ba su taɓa tsayawa kafaɗa da kafaɗa a bakin fili ba. Hanyar ta buɗe a lokacin da masu tafiyar suka riga suka zauna.