Magaryar da Ta Tsiro a Saman Ɗakin Yanni

Dang Mandun ya yi suna a ƙauyen Nanpo da abu guda: ba ya barin ciyawa ta kwana a saman gidansa. Gidan kuwa irin na mutanen da ne a tudun Shanzhou. Rami ne mai kusurwa huɗu da kakansa ya haƙa, ɗakunan koguna ne da aka fafe a jikin bangon ramin, ƙasar da ake takawa a sama ita ce rufinsu. Duk mai irin wannan gida ya san sharaɗin zama a cikinsa. Da ruwan sama ya ɗauke, kafin ƙasa ta gama shan iska, sai ka ɗaura igiya a dutsen daɓe, wani narkeken dutse mai siffar turmi a kwance, ka ja shi kana kai da komo har saman ya yi sumul kamar bayan tasa. Saiwa ce ke nuna wa ruwa hanya, ruwa kuwa in ya samu hanya, ɗaki ya tafi.

Tun bai gama tsawo ba mahaifinsa ya ɗora masa igiyar a kafaɗa. Bai yi nisa a makaranta ba. Ya noma alkama da gero, ya yi sussuka a saman gidan, ya auri Gailan daga ƙauyen da ke ƙetaren kwazazzabo, macen da ko kunun gero ta dama sai maƙwabta sun ji a hanci. Haihuwa ɗaya ta tsaya musu, 'ya mace, Yanni.

Da zamani ya juya, mutane suka riƙa cike ramukansu suna gina gidajen bulo a sarari, Mandun ya ce shi yana nan. Abokinsa na ƙuruciya, Huo Sanwa, yana cikin waɗanda suka fara hawa sama, kuma bai taɓa wucewa ta bakin ramin bai leƙo ba.

"Yaya Mandun, har yanzu kana rami kamar gafiya?"

"Ina nan. Kai da ka zama tsuntsu, me ke dawo da kai ramin gafiya duk bazara kana fifita?"

"Zumunci."

"Zumuncin da ba ya tashi sai da zafin rana, lokacin da ake sauke tukunya."

Yanni ta yi karatu a birni, ta dawo da ƙaramar tuta a hannu da lasifika rataye a wuya. Aikin ja-gorar baƙi ta samu, mutanen birane masu zuwa ganin tsoffin gidajen rami da cin abincin ƙauye, ta ce kuma a gidansu za su riƙa cin na rana.

"Su zo kallon me?" in ji Mandun. "Talauci?"

"Baba, talaucin nan naka shi ake cika mota a zo gani yanzu. Kai dai ka wanke fuska."

Haka aka yi. Gailan ta koma kan dogon murhunta mai baki bakwai, wanda ake hura wa wuta ta gefe guda zafin ya bi ta ƙarƙashin tukwane har ƙarshe. A bakin farko taliyar hannu ke tafasa, a na biyu romon akuya, can gaba awara da kabeji mai tsami, a na ƙarshe kunun gero da jar magarya yana zaune yana jiran mai sha. Baƙi su ci su yi gumi su nemi ƙari. Idan Mandun ya zo wucewa, Yanni ta kan nuna shi da tutarta ta ce, "Ga babana, babban maƙiyin ciyawa a duk lardin nan." Su yi dariya, shi kuma ya haɗe fuska ya wuce, sai ya shiga ɗakin hatsi yake murmushinsa.

Ɗakin Yanni na gefen gabas ne. Da hannunta ta yi masa yaɓe, ta shafe shi da farar ƙasa, ta manna wa tagar tsuntsayen da ta yanka da baƙar takarda. A samansa daidai take zama ta jira motar baƙi, don daga nan ake hango hanya. Aljihunta ba ya rabuwa da busasshiyar magarya. Ta ci ta tofar da ƙwallon a ƙasa.

"Yanni! Ki daina shuka mini gona a kan ɗaki."

"Haba Baba, dutsenka ma ya samu abin yi mana."

Ya kan bi bayanta ya tsince ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya, ya sauka ya watsa su a murhu.

Ciwo ya fara wa Yanni kamar gajiya, a farkon kaka. Likitocin birni suka ce a jini yake. Kafin ƙanƙara ta narke ta rasu, tana da shekara ashirin da bakwai, ba ta yi aure ba.

A al'adar wurin, 'yar da ba ta yi aure ba ba ta shiga maƙabartar gidan ubanta. An binne ta a gefen kwazazzabo, bayan gonar wasu. Kuma babba ba ya zuwa kabarin ƙarami ya share ko ya ajiye abinci. Mandun bai yi gardama ba, bai ma san ana gardama a kan irin wannan ba. Ranar da aka ware duk shekara don sharar kaburbura ya je ya share na mahaifinsa da na kakansa, ya dawo ta bakin hanyar kwazazzabo yana kallon takalmansa.

Gailan kuwa ɗakin Yanni ta riƙe. Kowace safiya ta buɗe shi, ta share, ta karkaɗe bargo, in da sanyi ta hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa don kada danshi ya kama bango. Wata ja-gorar ta ci gaba da kawo baƙi, amma wannan ƙofa a rufe suke samunta. Gailan ta kuma daina kiran mijinta Baban Yanni kamar yadda ta saba. Sai dai ta ce, "Kai, abinci ya yi."

Bayan ruwan farko na wannan shekara Mandun ya hau da igiyarsa. Yana cikin jan dutse a gefen gabas ya ga tsiro, ganye biyu masu sheƙi, daidai inda Yanni ta saba zama. Ba sai an gaya masa ba, magarya ce. Ƙwallo ɗaya ya kuɓuce masa. Ya sunkuya ya kama ta da yatsu biyu kamar yadda ya yi wa dubban ciyayi, ya daɗe a sunkuye, sannan ya saki. Ya ja dutsen ya kewaye ta. Da yamma ya kawo guntayen bulo ya yi mata shinge.

Gailan ta gani da ta hau shanya barkono. Ta sauko ta same shi yana wanke hannu.

"Baban Yanni," ta ce. Ya ɗago da sauri. "Ka tono ta tun tana ƙarama, mu dasa a tsakar gida."

"A can ta bar ta."

"Ka fi ni sanin abin da saiwa ke yi."

"Na sani. Bana kaɗai. Da kaka zan tone."

Da kaka ta zo ya ce sanyi zai kashe dashe, a bari ƙasa ta yi ɗumi. Da ƙasa ta yi ɗumi ya ce ta riga ta fid da ganye. A can sama yake zama yanzu da hantsi, kusa da magaryar, fuskarsa na kallon hanya. Idan motar baƙi ta ɓullo sai ya leƙa tsakar gida ya ce, "Ga su nan," ya koma ya zauna.

Sanwa ya zo wucewa wata rana ya tsaya, hannuwa a baya.

"Ashe maƙiyin ciyawa ya yi sulhu? Ko lambu za ka buɗe, mu zo sari?"

Sanwa ya dubi itacen, ya dubi inda yake tsaye, ya gane saman ɗakin wa ne. Ya sassauta murya.

"Yaya, ka tafi kasuwa gobe. Kafin ka dawo na cire maka ita, idonka bai gani ba."

"Ka taɓa ta, in tura ka ramin da ka gudu ka bari."

"Magarya fa ce. Abin da kake gani a sama, ninkinsa na ƙasa."

"Ni za ka koya wa saiwa, Sanwa?"

A shekara ta uku tabo ya fito a rufin ɗakin, daga ciki, kamar faɗin tafin hannu. Mandun ya jira Gailan ta tafi ɗebo kabeji, ya kwaɓa ƙasa ya shafe wurin. Sabon yaɓe ba ya ɓuya a kan tsoho, amma ba ta ce masa komai ba. A wannan shekarar ce magaryar ta yi fure, ta ɗauki 'ya'yanta na fari, ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

"Bari su nuna," ya ce wa Gailan, ba tare da ta tambaye shi ba. "Ranar da suka nuna, ranar zan tone."

Magarya kuwa ba ta nuna sai da ruwan kaka, irin wanda ba ya zuwa da ƙarfi kuma ba ya tafiya. A wannan shekara ya kafe kwana da kwanaki, babu tazarar da za a ja dutse. Wata rana da tsakar rana, baƙi na zaune a ɗakin girki suna shan romo, aka ji ƙara daga gabas kamar an sauke buhun hatsi daga kan mota. Ƙura ta fito ta ƙarƙashin rufaffiyar ƙofar. Ja-gorar ta tattara mutanenta ta haye da su sama. Ba wanda ya ji ko ƙwarzane.

Mandun ya tura ƙofar. Ƙasa ta cike ɗakin daga tsakiya zuwa ƙurya, ta binne gadon. Ta inda rufi yake haske na shigowa, yayyafi na sauka a kan tulin. Magaryar na kwance a kai, saiwarta ta fi tsawon mutum biyu, 'ya'yan sun yi ja ta gefe guda.

Gailan ta zo ta tsaya a bayansa, ludayi a hannunta.

"Shekaranjiya na ga ƙasa a kan bargonta," ta ce. "Na karkaɗe, ban gaya maka ba."

"Don me?"

"Ni ma na so in ga sun nuna."

Ta miƙa masa ludayin, ta durƙusa ta fara tone bargon da hannu.

Kogon da ya rufta ba ya gyaruwa. Sanwa ya zo da 'ya'yansa suka cike shi da ƙasa, suka toshe ƙofar da bulo, kuma tun daga ranar bai sake tsokanar Mandun da maganar gafiya ba. Magaryar an dasa ta a tsakar gida, inda Gailan ta ce tun farko, amma saiwarta ta karye da yawa. Da ƙasa ta yi ɗumi ba ta fid da ganye ba. Tana nan tsaye, busasshen sanda, ba wanda ya ce a cire.

Mandun ya haura saba'in yanzu. Baƙi na zuwa, murhu na ci, taliya na tafasa a bakin farko. Wani lokaci baƙo ya nuna bangon bulon ya tambayi me ke ciki, Mandun ya ce, "Ɗaki ne, ruwa ya ci." Da safe Gailan ta kan fito da tsintsiya ta nufi gabas kamar da, ta tsaya a gaban bulon, sannan ta share ɗan filin da ke bakinsa. Shi kuma, in an kwana da ruwa, ya ɗauki igiya ya hau. Idan ya iso gefen gabas ya kan tsayar da dutsen, ya sunkuya ya duba ƙasar da kyau, ya tuge abin da ya samu. Ciyawa ce kullum.